Sinadarin ƙarfe da zink a abincin 'yan makaranta

Ƙarfe da zink sinadarai ne da jikin yaro ke buƙata kaɗan-kaɗan kullum. Ƙarfe na gina jini. Idan ya gaza, ƙarancin jini kan sa yaro kasala da gyangyaɗi a aji. Hukumar lafiya ta duniya OMS na ɗaukar ɗan shekara 5 zuwa 11 a matsayin mai ƙarancin jini idan hemogulobin ɗinsa bai kai giram 11,5 a desilita ba. Zink kuwa na taimaka wa girma da garkuwar jiki.

A Kalley, kamar sauran unguwannin Yamai, gero da shinkafa ne ginshiƙin abinci. Gero na da ƙarfe, sai dai jiki ba ya tsotsarsa sosai. Jiƙa shi ko tsima shi, kamar na koko, na sauƙaƙa hakan. Hanta, nama, kifi, wake da zogale, duk ana samunsu a Babbar Kasuwa. Lemo da gwaiba na taimakon tsotsar ƙarfe, shayi kuwa na rage ta.

A 2018 Nijar ta amince da irin gero Chakti na cibiyar ICRISAT, wanda ya fi na gargajiya ƙarfe da zink.