Waƙar Yodel: Daga Kan Duwatsu Zuwa Aji

Mai karatu, a duwatsun Alps na ƙasashen Suwizalan da Ostiriya akwai wata irin rera murya da ake kira yodel. Mai yin ta yakan fara da muryar ƙirji, sai ya karya ta nan take ta haye sama ta zama siririya, sannan ya dawo ƙasa. Asalinta babu kalmomi, sai sautuka irin su yo da lo da u. Makiyaya ne suka raine ta, domin irin wannan murya tana tsallake kwari ta isa ga shanu, ko ga ɗan'uwa da ke wani dutsen. Tun a 1545 aka buga wata karin kiran shanu ta yankin Appenzell a wani littafin waƙoƙi a Jamus.

A ƙarni na 19 sai yodel ta sauko gari. Iyalan Rainer na yankin Tirol sun kai ta Ingila a 1827, wata tawagar danginsu kuma ta isa Amurka a 1839. Daga baya ta shiga waƙoƙin karkarar Amurka, inda Jimmie Rodgers ya ɗauki faifansa na Blue Yodel a 1927. A can gida kuwa, an kafa ƙungiyar masu yodel ta Suwizalan a birnin Bern a 1910, aka yi bikinta na ƙasa na farko a Basel a 1924. Ƙungiyoyin mawaƙa sun yawaita, aka rubuta karin a takarda, aka haɗa ta da baituka, aka sa alƙalai masu ba da maki.

To, a nan gizo ke saƙar. Rubutu da gasa sun adana yodel, amma sun so su mai da ita iri guda. Tsohuwar yodel ta Appenzell da ta kwarin Muotatal tana da wasu sautuka da ba su zauna daidai a ma'aunin kiɗan makaranta ba, kuma da kunne ake gadon su. Da kiwo a kan duwatsu ya ja baya, yaran da ke tashi suna jin ta daga bakin iyaye suka ragu. Saboda haka nauyin ya koma kan ƙungiyoyin yara da malaman kiɗa. A 2018 jami'ar koyon sana'o'i da fasaha ta Luzern ta fara koyar da yodel a matsayin babban darasi, a 2025 kuma UNESCO ta sa yodel ta Suwizalan cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin lura shi ne, hanyar da ta fi dacewa da ƙananan yara ita ce ta makiyayan farko. Malami ya rera gajeren kira, yara su amsa kamar amsa-kuwwar dutse. Su ɗora hannu a ƙirji su ji muryar ƙasa tana girgiza, sannan su ji ta tashi idan sun haye sama. Karyewar murya da ake ɓoyewa a sauran waƙoƙi, ita ce abin nema a nan. Takarda sai daga baya.

Duk marubucin da ke tattara adabin baka yana da abin dubawa a wannan tarihi: abin da ya rubuta zai rayu ne idan akwai yaron da ya ji shi daga baki, ya kuma iya maimaita shi.