Taswirar Sanƙarau da Ƙurar Hunturu a Jega, Aliero da Maiyama

Tun kafin likitoci su zana wa sanƙarau taswira, mutanen ƙasar Gwandu sun san lokacinsa. Ciwo ne na rani, yakan ɓullo bayan hunturu ya kankama, ya yi tsanani da bazara, kāna ruwan farko na sauka ya lafa kamar an yi masa tsawa. Abin da aikin taswira ya ƙara a kan wannan sani shi ne iyakar ƙasashen da ciwon ya ke yi wa zuwa, da dalilin da ya sa ya zaɓi waɗannan watanni.

Babbar annobar farko da Turawa suka rubuta labarinta a Nijeriya ta Arewa ta auku ne a 1905. Ta yi ta komowa, har a 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya tattara rahotannin ƙasashe, ya ɗora su bisa taswirar ruwan sama. Sai ya ga ciwon ya fi zama a wani zirin ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan shekara ya ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Daga baya aka faɗaɗa zirin, ya tashi daga Senegal ya kai Habasha. Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikinsa tsundum.

To, mene ne haɗin ciwon da iska? A nan ne mutane da yawa su kan ruɗe, su ɗauka ƙura ce ke ɗauko cutar daga hamada. Ba haka ba ne. Ƙwayar tana zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, tana ratsawa daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa, rani da damina. Greenwood da abokan aikinsa, waɗanda suka yi bincike a Zariya cikin shekarun 1970, sun nuna cewa da damina ma ana ɗaukar ƙwayar, sai dai ba ta cika kwantar da mutum ba. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, busasshiyar iska da ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini, ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa. Hayaƙi ma, na murhu ko na taba, an lasafta shi cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin, haka nan cunkoso a ɗakin kwana. Saboda haka mutumin gari, wanda ke shaƙar ƙurar Allah haɗe da ta kasuwa da tasha, sa'an nan ya kwana cikin jama'a a ɗaki rufe saboda sanyi, shi abin ya haɗe wa.

Wannan ya sa garuruwan nan uku suka cancanci a dube su tare. Jega tsohuwar kasuwa ce a bakin Gulbin Zamfara, mahaɗar hanyoyi tun zamanin fataken goro. Aliero ta yi suna da albasa da masu ɗori, ga kuma jami'ar da aka kafa mata a 2006. Maiyama tana bisa hanyar da ta yi kudu zuwa Koko da Yawuri. Lokacin cin kasuwar albasa kuwa shi ne lokacin ciwon. Taswirar Lapeyssonnie ba ta iya nuna irin wannan; ita tana faɗin ƙasa, ba ta faɗin hanya.

Annobar 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma irin ƙwayar da a ke kira A ce ta yi ɓarnar. Daga 2011 aka fara yi wa matasan Arewa allurar MenAfriVac, A ta kusan ɓacewa. Amma fa ƙura ba ta daina ba. A 2013 wani sabon iri na C ya ɓullo a Jihar Sakkwato, a 2014 ya bayyana a Kebbi, a 2015 ya yi babbar ɓarna: an ƙirga mutum fiye da 6,000 a jihohin biyu, sama da 300 suka rasu, Aliero da Jega na cikin inda abin ya fi muni. A wannan karon taswirar da ta yi amfani ƙarama ce, ta ƙaramar hukuma da gunduma, mako-mako. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in aka sami mutum 10 cikin 100,000 a mako ɗaya, annoba ta tabbata, sai a nufi wurin da allura. Wahalar ita ce, wanda ya mutu a gida, ko wanda aka kai wa mai magani, ba ya hawa taswira, don haka adadin kullum yana ƙasa da gaskiya.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da allurar Men5CV mai kare iri biyar. Duk da haka, a Maris na 2025 hukumomin Kebbi suka ba da sanarwar rasuwar mutum 26, galibinsu a Gwandu da Jega da Aliero, aka kuma rufe jami'ar Aliero na ɗan lokaci.