Famfon tuƙa-tuƙa: yaushe ake gyara, yaushe ake canza kaya?

A ƙauyukan jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, idan famfo ya tsaya, mata da yara kan koma ɗibar ruwan tabki ko buɗaɗɗiyar rijiya. Sau da yawa abin da ke tsayar da famfo ɗan ƙaramin abu ne, kamar robar da ke riƙe ruwa, wadda ba a canza da wuri ba.

Hanyoyin kula da famfo uku ne. Ta farko ita ce a jira sai ya lalace. Wannan ta fi tsada, domin ƙarfen da ya ci yakan cinye na kusa da shi. Ta biyu, a tsayar da lokaci: ɗaure noti, shafa giris, da canza robobi. Ta uku, a lura da alamu. Kowane mako a ƙirga bugu nawa ke cika bokiti guda. Idan yawan bugun yana ƙaruwa, roba ta ci. Idan da safe sai an jima ana bugu kafin ruwa ya fito, akwai yoyo a bawul ko a bututu.

Irin famfo ma yana da tasiri. India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya cikin shekarun 1970, sai an ciro bututunsa duka kafin a kai ga robobin, don haka yana buƙatar makaniki da kayan aiki. Afridev kuwa ana zaro sandunansa ba tare da an ɗaga bututun ba. Vergnet na Faransa da ƙafa ake taka shi, kuma yawancin kayansa masu saurin ci suna sama.

Wajen ajiya, ƙa'idar ita ce: kaya masu araha da saurin ci su zauna a hannun kwamitin ruwa na gari, masu tsada da ba su cika lalacewa ba a bar su a shagon babban gari. Inda ruwa ke cin ƙarfe, maimaita gyaran bututu mai tsatsa asara ce; gara a sauya da na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

A rubuta kowane gyara da kuɗinsa a littafi, sannan a ware wani kaso na kuɗin ruwa a asusu tun famfon yana da lafiya.