Raddi a bainar jama'a: daga wasiƙun Sarkin Musulmi Bello zuwa yau

Tambayar ko ya dace malami ya fito fili ya kira sunan wani malami ya ce karantarwarsa ɓata ce, ko kuwa ya same shi a keɓe ya yi masa nasiha, tambaya ce da ta daɗe tana raba kan malaman addini a arewacin Nijeriya, Musulmi da Kirista. A ƙasar Sakkwato dai tarihinta ya haura shekara 200, kuma mutumin da ya fi barin rubuce-rubuce a kanta, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana kwance a hubbarensa da ke Wurno, garin da ya gina a matsayin ribaɗi, inda kuma ya rasu a 1837.

Jihadin da mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta, da wa'azi ya fara. Tun wajajen 1774 Shehu yake yawo a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi yana sukar haɗa Musulunci da tsafi, da zaluncin sarakuna, da malaman da ke halatta musu abin da suke so. Da mabiyansa suka yi yawa, Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokar hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya kuma hana maza ɗaura rawani, mata kuma yin lulluɓi. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi. Kufansa yana can gabas da Goronyo, a yankin Sabon Birni.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, Shehu ya yi raddi mai yawa ga masu tsanantawa daga cikin masu neman gyara. Akwai wasu ɗalibai a lokacin da ke titsiye talakawa da tambayoyin ilmin tauhidi, wanda duk ya kasa amsawa sai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a aurensa. Shehu ya rubuta littattafai da dama yana rushe wannan ra'ayi. Haka nan ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrila ɗan Umaru, a rubuce, kan batun kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai daina girmama shi da yi masa addu'a ba.

Muhawara da Borno

Babbar jarrabawa ta zo ne daga gabas. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Aminu El-Kanemi, malamin da ya taimaka wa Mai na Borno ya ƙwato birninsa, ya aike da wasiƙa yana neman a gaya masa hujjar yaƙar ƙasar da ta yi ƙarnuka cikin Musulunci.

El-Kanemi bai musanta cewa akwai ɓarna a Borno ba. Ya amince ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu, mata na fita ba lulluɓi, wasu kuma na yanka a wuraren da suke ganin suna da albarka. Hujjarsa ita ce waɗannan saɓo ne da jahilci, ba kafirci ba, kuma ana samun irinsu har a Masar, inda manyan malamai suke, ba tare da wani ya ɗaura wa ƙasar yaƙi ba. A ganinsa, wanda ke yin su karantarwa yake buƙata.

Bello ne ya ɗauki nauyin mafi yawan amsoshin. Ya ce ba don saɓo aka yaƙi Borno ba, sai don sarakunanta sun mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu, kuma wanda ya taimaki kafiri a kan Musulmi hukuncinsu ɗaya. Ya ƙara da cewa yanka ga duwatsu da itatuwa ya wuce matsayin saɓo.

An shafe shekaru ana musayar wasiƙu, kuma babu wanda ya sauka daga ra'ayinsa. A ƙarshe yaƙi da iyakar ƙasa ne suka raba gardamar. Sai dai Bello ya yi wani abu da ya cancanci a lura da shi: a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya kawo wasiƙun abokin jayayyarsa da hujjojinsu, sannan ya biyo da nasa. Da yawa daga abin da masana tarihi suka sani game da matsayin El-Kanemi, ta alƙalamin Bello suka san shi. Masu yanko daƙiƙa guda daga karatun wani su yaɗa a Facebook ba su gaji wannan ɗabi'a ba.

Irin haka ya yi da Malam Abdussalami, almajirin Shehu da ke zaune a Ƙware, wanda ya zargi shugabannin sabuwar daular da zalunci da kauce wa manufar jihadi. Bayan rasuwar Shehu a 1817 sun yi musayar wasiƙu, Bello ya tattara su a littafinsa Sardul Kalami. Wannan ma da takobi ta ƙare: an ci Ƙware, Abdussalami ya rasu a farkon 1818 sakamakon raunin da ya samu.

Daga takarda zuwa rediyo da kaset

A ƙarni na 20 rigimar ta koma tsakanin ɗariƙu. A 1949 hukumar Sarkin Musulmi ta sa aka rushe wasu masallatan 'yan Tijjaniyya a lardin Sakkwato, kuma a 1956 an yi tarzoma a lardin tsakaninsu da 'yan Ƙadiriyya. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma jinin Muhammadu Bello, ya nemi haɗa kan ɓangarorin a ƙarƙashin Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962.

Bayan kisan Sardauna a 1966, na hannun damarsa a harkar addini, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya fito da sukar ɗariƙu ƙarara, a tafsirinsa na gidan rediyon Kaduna da kuma littafinsa Al-Aƙidatus Sahiha na 1972. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos. Malaman ɗariƙa, irin su Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi, suka mayar da martani. Daga nan raddi ya bar hannun masu karanta Larabci, ya shiga kasuwa da tashar mota ta hanyar kaset. Masallatai sun rabu, a wasu gidajen ɗa ya daina bin ubansa salla.

Masu goyon bayan raddi a fili suna kafa hujja da hadisin nan da ya yi umarni da gusar da abin ƙi da hannu, ko da harshe, ko da zuciya. Suna cewa ɓatan da aka yaɗa a lasifika, a lasifika ake gyara shi. Suna kuma ba da misali da Boko Haram: Sheikh Ja'afar Mahmud Adam da Sheikh Muhammad Auwal Albani Zariya sun soki karantarwar Muhammad Yusuf a bainar jama'a tun kafin rikicin 2009. An harbe Ja'afar a masallaci a Kano a watan Afrilun 2007, aka kashe Albani a Zariya a watan Fabrairun 2014, kuma Abubakar Shekau ya ɗauki alhakin kisan Albani.

Masu ɗari-ɗari da shi kuwa suna nuni da abin da mabiya ke yi da maganar malami bayan an tashi daga karatu. A watan Yulin 2007 an harbe Malam Umaru Ɗanmaishiyya, wanda ya yi fice wajen sukar Shi'a a Sakkwato. 'Yan Shi'a sun musanta hannu a kisan, amma an kai wa gidajensu hari, hukuma kuma ta rushe cibiyarsu. A watan Mayun 2022 wasu ɗalibai suka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci, kisan da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi Allah wadai da shi.

A wajen Kirista

Kiristoci ma suna da nassosi biyu da suke aunawa. Linjilar Matiyu ta koyar da cewa a fara samun mai laifi a keɓe, sannan a je da shaidu, sai in ya ƙi a kai maganar gaban ikilisiya. A wasiƙarsa ga Galatiyawa kuma Bulus ya ba da labarin yadda ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Malaman coci da yawa kan ce na farko ya shafi laifin da ke tsakanin mutum biyu ne, na biyu kuma koyarwar da ta riga ta bazu.

A Nijeriya an fi ganin wannan a kan masu wa'azin mu'ujiza da arziki. Ƙungiyar majami'un Fentikos ta ƙasa, PFN, ta ƙi amincewa da T.B. Joshua na Legas a matsayin ɗanta. A 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana nuna mu'ujizar da ba a tabbatar da ita ba. Duk da haka mabiyansa ƙaruwa suka yi har ya mutu a 2021, kuma sai a 2024 wani binciken BBC ya fito da shaidar tsoffin almajiransa da ke zarginsa da azabtarwa da fyaɗe.

Inda malamai suka kasa sasanta kansu, gwamnati kan shigo. A Kano gwamnatin jiha ce ta shirya muƙabala tsakanin Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara da wasu malamai ranar 10 ga Yulin 2021, kuma a watan Disambar 2022 wata kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin kisa. Jihar Kaduna ta kafa dokar tantance masu wa'azi tun 1984, bayan rikice-rikicen Maitatsine. Da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta kawo ƙudirin sabunta ta a 2016, shugabannin coci da wasu malaman Musulunci duk sun yi adawa da shi, kowane ɓangare na tsoron kada wata rana hukuma ta hana nasa mai wa'azin lasisi.