Takardar Mako Huɗu: Daga Ina Horon Malaman Ingilishi Ya Samo Asali?

Matasanmu da dama da suka karanta Ingilishi a jami'a suna burin samun wata takardar shaida da ake kira CELTA, wadda ke buɗe ƙofar koyarwa a ƙasashen ƙetare. Ina ganin ya kamata mai neman ta ya san tarihinta, domin a cikinsa ne zai gane abin da takardar ke iya yi masa da abin da ba ta iyawa.

A 1953 wani Baturen Ingila, John Haycraft, da matarsa Brita suka buɗe makarantar koyar da Ingilishi a birnin Kordoba na Sifaniya, wadda daga baya ta zama International House. Matsalar da ta fi damunsu ita ce ta malamai. Turawan da aka haifa da harshen suna da yawa, amma kaɗan ne suka iya tsayawa gaban wanda bai san ko kalma ɗaya ba su koya masa. Saboda haka a 1962, bayan sun koma Landan, suka fara wani gajeren horo. Sabon abin da suka kawo shi ne ɗalibin malanta ya shiga aji na gaske ya koyar, ana kallonsa, bayan an tashi a zauna a gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma abin da horon ya sa a gaba ke nan.

Daga baya ƙungiyar RSA ta ɗauki nauyin ba da shaidar, a 1988 hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij ta karɓe ta, a 1996 aka raɗa mata sunan CELTA. Har yau tsarin bai sauya sosai ba: kimanin awa 120, yawanci cikin mako huɗu, da awa 6 na koyarwar da ake tantancewa.

Sai dai an gina horon ne saboda mutumin da ya riga ya mallaki harshen, dabarar aji kawai yake nema. Wannan tunani ya yi daidai da zamaninsa. A 1961 an yi taron ƙasashen renon Ingila kan koyar da Ingilishi a Makerere ta Uganda. Masani Robert Phillipson, a littafin da ya fitar a 1992, ya nuna cewa daga cikin aƙidun da suka yi ƙarfi a wannan taro har da cewa ɗan asalin harshe shi ne malami mafi dacewa, kuma kada harshen uwa ya shiga aji. Phillipson ya ce duka biyun kuskure ne.

Mu ma wannan iska ta kaɗo mana. A 1962 'yan sa-kai na Peace Corps daga Amurka suka fara isowa Nijar, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu na farko. Sun yi aiki a ƙasar har zuwa Janairun 2011, lokacin da aka janye su saboda tsaro. Ba na raina gudummawarsu. Amma da zuwansu da tafiyarsu, malaman gida ne suka riƙe ajin, suna koya wa yaron da Hausa ce ko Zabarmanci a bakinsa, Faransanci a lakwal, Ingilishi kuma ya zo a na uku.

Irin wannan malami yana da abin da mako huɗu ba ya bayarwa. Ya san dalilin da Bahaushe ke haɗa sautin p da f, domin Hausa ba ta raba su ba. Ya san dalilin da yaro ke cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda muka samu burodi da sukudireba. Ya san ramukan hanyar, domin da ƙafarsa ya bi ta.

Duk da haka kasuwa ba ta gama yarda ba. Koriya ta Kudu, alal misali, ta daɗe tana keɓe bizar malaman Ingilishi ga 'yan ƙasashe bakwai, kuma Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu. Bahaushen da ya ci CELTA da babban sakamako yana iya tarar da cewa fasfo ake dubawa kafin takarda.

Shawarata ga mai shirin kashe kuɗinsa ita ce ya fara binciken dokar bizar ƙasar da yake hari, ya kuma tabbatar horon yana da koyarwa a aji na gaske, domin ita ce ƙashin bayansa tun 1962. In ya samu shiga, kada ya ɓoye cewa shi ma koyon harshen ya yi. Wannan ne jarin da ya fi abokan karatunsa da shi.