Shekarar da aka kashe sabis a Gobir

Jama'a, yau ina so mu tuna baya kaɗan. A Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, wai don a gano masu garkuwa da mutane. Muka ba da suna, hoto, har zanen yatsu. Amma ɓarayin daji suka ci gaba da buga waya suna cinikin kuɗin fansa. A Satumbar 2021 sai aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Ɓarayin suka koma layukan Nijar, tunda iyaka na kusa. Talaka fa? In an shigo garinsu, ba wanda zai kira. Bayan harin kasuwar Goronyo a Oktoba, Gwamna Tambuwal da kansa ya nemi a maido da sabis.