Tsarin cikin ganyen tsiro: fata, ƙofofi da jijiyoyi

Yawancin ganyaye ba su fi takarda kauri sosai ba, amma idan aka yanka ɗaya aka duba shi da madubin ƙara girman abu, sai a tarar hawa-hawa ne, kowane hawa da aikinsa. Masana biyu, Marcello Malpighi na Italiya da Nehemiah Grew na Ingila, su ne suka fara zana cikin tsirrai dalla-dalla a ƙarni na 17. Babban littafin Grew ya fito a 1682.

Daga waje akwai fata, sama da ƙasa, wadda galibi jeri ɗaya ce ta ƙwayoyin halitta. A kanta akwai wani shafe mai kama da kakin zuma da ke tsare ruwan ganyen. Shafen yana da kauri a ganyen mangwaro, shi ya sa yake sheƙi kuma ba ya saurin yaushi. Na latas kuwa siriri ne, dalilin da ya sa mai kayan miya ba ya rabuwa da yayyafa masa ruwa.

Ƙarƙashin fatar sama akwai dogayen ƙwayoyi a tsaitsaye kamar darnin kara, cike da koren sinadarin kulorofil. Nan ne ake haɗa mafi yawan abincin tsiro daga hasken rana da ruwa da iskar kabon dayoksaid. Ƙasa da su ƙwayoyin a warwatse suke, da sarari a tsakaninsu kamar soso, don iska ta zagaya. Jijiyoyin da ido ke gani kuwa bututu iri biyu ne a haɗe: zailem mai kawo ruwa daga saiwa, da fulowem mai kwashe sukarin da aka haɗa zuwa sauran jikin tsiron.

Inda rayuwar ganye ta rataya shi ne 'yan ƙofofin da ke jikin fatar, waɗanda suka fi yawa a bayan ganye. Ƙwayoyi biyu ne ke gadin kowace ƙofa. Idan suka cika da ruwa sai su lanƙwashe, ƙofar ta buɗe. Idan ruwa ya yi ƙaranci sai su saki, ta rufe. A yawancin tsirrai siffarsu ta ƙwayar wake ce, a dangin ciyawa kuwa sun fi kama da taɓarya. Matsalar ita ce ta ƙofar da iskar kabon ke shiga, ta nan ruwa ke fita. Sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta ganye yake tafiya. In an buɗe a yi asarar ruwa, in an rufe a rasa abinci.

Gero da dawa da masara da rake suna da dabarar rage wannan asara. A ganyensu, wasu manyan korayen ƙwayoyi sun kewaye kowace jijiya kamar zobe, kuma a cikinsu ake tara iskar kabon ta yi yawa kafin a sarrafa ta. Saboda haka ba sai sun wangale ƙofofinsu ba, ko da rana ta take. Masana Hatch da Slack ne suka fayyace wannan hanya a Ostireliya a 1966, bayan bincike a kan rake. Shinkafa da alkama ba su da ita, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gero ke yin albarka a ƙasar da alkama ba ta yi sai da rani, da ban-ruwa da sanyin hunturu.

Nannaɗewar ganyen masara lokacin fari ma daga ciki take. A fatar sama akwai jerin manyan ƙwayoyi masu ajiye ruwa. Da zarar sun motse sai ganyen ya naɗe, ya ɓoye fuskarsa daga rana da iska.